Amsa: Muryata na rawa idan na miƙe gaban mutane

Ɗan'uwa, ka ce saura wata biyu ka kare furojet ɗinka na makaranta a gaban malamai, amma da ka miƙe sai murya ta hau rawa, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Rashin sabo ne, kuma kaɗan-kaɗan ake sabar wa jiki.

Kullum bayan sallar asuba, kunna rikodar wayarka, ka tsaya a tsaye ka yi bayanin shafi ɗaya da ƙarfi, minti uku. Saurara, ka fitar da gyara ɗaya tak, ko sauri ko haɗiye ƙarshen kalma. Mako na biyu ka yi wa abokin ɗakinka, na uku mutum uku. Kafin ka buɗe baki, ja numfashi daƙiƙa huɗu, ka sake shi a shida. Hakan na sassauta bugun zuciya.

Kada ka haddace kalma-kalma, don in ɗaya ta ɓace sauran sun bi ta. Rubuta kanun magana biyar a kati. Ranar da ka tsallake atisayen asuba, ci gaba washegari, kada ka rama da awa guda.

In tsoron ya kai ka fasa shiga aji, ko ƙirji na matsewa har numfashi ya gagara, je ka ga likita. Wannan yana da magani.