Allurar cikin ido wata-wata: ko yawanta na da illa?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Mahaifina mai ciwon suga ne, ganinsa ya fara dishi-dishi, aka ce kumburi ne a can bayan ido. An yi masa allurar Avastin a ido har sau shida, kuma an ce ya dawo. 'Yan uwa na cewa yawan huda idon zai sa ya tsiyaye. Mu ci gaba ko mu dakata? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ku ci gaba, Malama, muddin hoton OCT, wato hoton na'ura mai nuna kaurin bayan ido, na nuna akwai sauran kumburi.

Suga na lalata ƙananan jijiyoyin jinin retina, shimfiɗar da ke ƙuryar ido mai ɗaukar gani, sai su riƙa yoyo. Avastin da ire-irensa na allurar ido, Lucentis da Eylea, aikinsu ɗaya: toshe sinadarin VEGF da ke haddasa yoyon. Ƙarfinsu kan gushe cikin wata ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake maimaitawa. Akan fara wata-wata, idan kumburin ya sace sai a riƙa ƙara mako biyu a tsakani, har tazarar ta kai wata uku ko huɗu. Wanda ya yanke zuwa da kansa, yawanci kumburin kan dawo, kuma ba lalle ne ganin da ya tafi ya komo ba.

Batun tsiyayewa kuwa, babu shi. Allurar siririya ce ƙwarai, ta farin ido ake shigar da ita, milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin, maganin kuma mililita 0.05 ne, kusan ɗigo guda. Kafar na rufewa da kanta. Jan jini a farin ido kan tsorata iyali, amma yakan washe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kaikayi kamar tsakuwa ta shiga, da ganin ɗige-ɗige na yawo, su ma kwana ɗaya ko biyu ne.

Abin tsoron shi ne ƙwayoyin cuta su bi allurar su shiga. Ba ya kai sau ɗaya cikin allura dubu, amma yana makantarwa, kuma kowace allura da nata haɗarin, don haka ba a sakaci a ta goma don ta tara ta wuce lafiya. Babbar kariya ita ce wanke idon da aidin mai kashi 5 cikin ɗari kafin huda, duk da raɗaɗinsa. Likita ya sa takunkumi, Baba kuma ya yi shiru har a gama, domin ƙwayoyin cutar baki na cikin mafi muni. Avastin na da tasa matsalar: daga kwalba ɗaya ake rarraba shi a sirinji-sirinji, kuma a 2011 gurɓataccen rabo ya lalata idanun mutane a Miami ta Amurka. Kada ku ji nauyin tambayar inda aka raba shi da yadda aka adana shi a firij.

Idan cikin makon farko ciwo na ƙaruwa, ja na daɗuwa, gani na raguwa, ko haske na damunsa, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne. Haka in ya ga walƙiya ko duhu kamar labule ya sauko ta gefe, alamar retina ta ɓanɓaro ke nan. Kwana biyun farko kada ya murza idon, ba kwalli, ba tozali, in zai yi alwala ya runtse sosai.

Matsin ruwan ido kan hau bayan allura ya sauka cikin awa guda, sai dai a wasu 'yan kaɗan yakan zauna bayan allurai da yawa, saboda haka a riƙa aunawa, balle in yana da gilakoma, cutar da matsin ruwan ido kan lalata jijiyar gani. In ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, musamman a watannin baya-bayan nan, a gaya wa likita kafin allura ta gaba. A kuma riƙe suga da hawan jini da kyau, don su ne ke ci gaba da ɓata jijiyoyin.