Wanne ne ya cancanci kuɗin tikiti?

Yaya, ka tambaya ko ka kai yara sinima su ga katun ɗin da aka sake yi da mutane na gaske, ko ɓarnar riyal ce kawai. Tun da aka buɗe sinima a Saudiyya a 2018 nake bibiyar irinsu a nan Jidda, kuma sun sha bamban.

Ghost in the Shell na 2017 ne ya fi ƙona mini rai. Na asali, wanda Mamoru Oshii ya yi a Japan a 1995, tambaya mai nauyi yake yi: in jikinka ya zama inji, ina ranka yake? Amurkawa suka ba Scarlett Johansson gurbin da jama'a ke ganin na 'yar Japan ne, aka yi ta ce-ce-ku-ce, kasuwa ma ba ta karɓe shi ba. Ado ya yi yawa, tunanin ya zube. Ba ma na yara ba ne.

Lilo & Stitch na 2025 kuwa ya haura dala biliyan ɗaya, don waɗanda suka ga na 2002 suna ƙanana su suka kai 'ya'yansu. Irinsa za ka nema, amma fara nuna musu katun ɗin a gida.