Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara tayar da tsohuwar akori-kurar da tsatsa ta ci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana Peugeot 504 akori-kura. Da ita ya yi shekaru yana jigilar hatsi da takin zamani tsakanin ƙauyenmu da kasuwa. Tun da ya kwanta ciwo aka ajiye ta gindin darbejiya a ƙofar gida, yau kusan shekara tara ke nan ko tayar da ita ba a yi ba. Tsatsa ta cinye ƙasan bodi, akwai huji inda direba ke sa ƙafa, gindin ƙofofi ma ya ruɓe. Ina so in dawo da ita kan titi, amma ni ƙaramin ma'aikaci ne, albashina ba yawa. Wani mai gyaran jikin mota ya ce in kawo kuɗi ya kwance ta gaba ɗaya, ya shafa fila (ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi), ya fesa fenti. Ta ina ya kamata in fara?

Daga wani mai karatu, Funtuwa.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ji ƙan Baba, ya haskaka makwancinsa.

Kada ka ba mutumin nan ko sisi tukuna. Fenti shi ne aikin ƙarshe, kwance mota gaba ɗaya kuwa shi ne abin da ya fi kashe irin wannan aikin idan aljihu ba nauyi. Motar da aka wargaza a garejin wani, kuɗi suka yanke a wata na biyu, sai ka tarar kafireto ya yi ƙafa, fitilu sun koma jikin wata motar, noti da kusoshi sun watse cikin ƙasa. Yadda take yanzu a dunƙule, da tsatsarta da komai, ta fi daraja.

Kafin ka taɓa ƙarfe ma, akwai magana biyu. Ka ce "ya bar mana", wato kayan gado ce. Ku zauna da sauran magada a yi mata kuɗi a yadda take yau, a fitar da haƙƙin kowa, a rubuta da shaidu. In ka bari sai ta fara sheƙi, farashin da za a ambata daban ne, kuma guminka ne zai shiga rabo. Sannan ka nemo takardunta, ka gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce. In sun ɓata, ka fara bin hanyar sabunta su a ofishin lasisi tun yanzu. Ka kuma sani cewa da wuya kuɗin da za ka kashe su dawo in ka sayar da ita. In don ta Baba ce kake so, ko don ta yi maka aikin gona da kasuwa, wannan dalili ne mai kyau, ni ma ina bayanka.

Ka yi sa'ar mota. A Faransa 504 ta fito a 1968, akori-kurarta ta biyo baya a 1979. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa har gobe za ka samu kayanta na hannu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma a kusan kowane gari akwai dattijon bakanike da ya san cikinta a kansa. Shi za ka nema, ba yaron da ya taso da motocin kwamfuta ba.

Yanzu ga abin da zai yanke hukuncin ko a yi aikin ko a haƙura: ƙashin motar. Hujin da kake gani a ƙarƙashin ƙafar direba da gindin ƙofa bai dame ni ba, faranti ne, a yanke a sa wani. Abin da ba ka gani shi ne abin tsoro. Akori-kurar 504 ba kamar Hilux ba ce da za a kwance noti a ɗage kan motar daga shasi a ajiye gefe. Gidan direba da dogayen ƙarafan da ke ɗauke da bodi a haɗe suke da walda, jiki ɗaya ne. Bodin baya kaɗai ke kwantuwa. Saboda haka in tsatsa ta ci mahaɗar nan, ƙarfin motar ne baki ɗaya ya tafi.

Ka jawo ta daga gindin bishiyar zuwa daɓe ko ƙasa mai tauri. Ka share ganyen da ya taru a bodi da ramin da ke gindin gilashin gaba, domin shi ke riƙe danshi ya toshe hanyoyin ruwa. A wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi har busasshen taɓo ya zube, a bar ta ta bushe. Ka ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe ko kututture mai kauri. Ban da bulo, ban da jak shi kaɗai, bulo yana fashewa ba sallama. Sai ka shiga da tocila da ƙaramar guduma da sukundireba, ka bi ƙarafan nan biyu daga baya zuwa gaba kana bugawa taƙi bayan taƙi. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai zaƙi, guduma ta dawo maka. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "dif", ɓawo ja ya zubo maka a fuska, in ka danna sukundireba ta lume. Duk inda ka ji haka ka zagaye da alli, ka ɗauki hoto da waya.

Ka fi daɗewa a inda sifirin baya yake rataye, gaba da baya, hagu da dama, da inda ƙarafan suka shige ƙarƙashin gidan direba. A gaba kuma ka duba saman shokozoba cikin gidan inji, da inda sitiyari yake ɗaure, da mazaunin batir, wanda ruwan batir ke ci a hankali. Tun da ta yi dakon takin zamani, ina kyautata zaton ɓarnar ta fi yawa a baya. Taki gishiri ne mai jan danshi, yana zurara ta tsagogin bodi ya kwanta a kan ƙarafan, damina ta zo ta jiƙa shi. Tsatsar motocinmu na Arewa yawanci daga nan take: taki, kanwa, gishiri, fitsarin dabbobi, da taɓon da ba a wankewa.

In ramuka ne nan da can, sauran ƙarfen yana amsa guduma, to bismillah. In kuwa ratayen sifirin sun ruɓe ta ɓangare biyu, mahaɗar ma ta tafi, ko ka tsaya daga baya ka ga motar ta karkace, shawarata ka nemi wani jikin mai lafiya da takardunsa, ka mayar da injin Baba da giyarsa da duk abin da ya rage a kai. Na san ba abin da kake son ji ba ne, amma mota ce da za ta ɗauki buhuna da mutane.

Idan ƙashi ya tsira, sai inji, kuma a nan ma haƙuri ya fi kuɗi amfani. Kada ka sa batir ka murza makulli. A cire fulogi huɗun, a zuba ɗan baƙin mai ko man giyar otomatik a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu ta notin fuli. In ya zagaya, alhamdu lillahi. A juye tsohon baƙin mai a duba shi: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. A sa sabo da sabuwar matata, a wanke kafireto, a duba kwantak da wayoyin fulogi. Fetur ɗin da ya shekara tara a tanki ya zama danƙo, don haka a jawo mai daga ƙaramin galan a gwajin farko, a sauke tankin a wanke shi daban. A zuba ruwa a lagireto a ga inda yake yoyo. Robobin ruwa da fambel a canza su kawai, ba su da tsada.

Akwai wani abu game da injin nan da nake so ka riƙe, ko 1.6 ne naka, ko 1.8, ko 2.0. Silindojinsa bututun ƙarfe ne kamar hannun riga da ake zarewa, ruwa yana zagaye su kai tsaye, kuma kan injin ne yake danne su a mazauninsu. Idan ta kama a buɗe kan, kada kowa ya juya injin sai an danne silindojin da wasa da noti. In aka juya haka nan, fiston zai ɗaga su, hatimin gindinsu ya motsa, a rufe inji da sabon gaskit amma ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai. Aikin yini ɗaya sai ya koma sauke inji. Kan kuma alminiyom ne, tsohon ruwan rijiya da ya kwanta a ciki yakan cinye bakin hanyoyin ruwa, don haka a duba shi da kyau kafin a mayar. In injin ya tashi, ba ya ƙwanƙwasa, ba ya zafi, hayaƙinsa ya washe bayan ɗan lokaci, ka ƙyale shi. Ba dole ba ne a yi masa garambawul don kawai ya tsufa.

Birki kam ba a ciniki a kansa. Man birki yana shan danshi, bayan shekarun nan cikin masta, wato famfon birki, da silindojin ƙafa sun yi tsatsa, robobinsu sun mutu. A sa sababbin robobi ko sababbin silindoji, a canza tiyon roba duka, a bi bututun ƙarfe a cire duk wanda ya yi ƙuraje. Nan ne kaɗai zan hana ka sayen na hannu. Kuma in an buɗe gangar birki, kada a hure ƙurar da iska ko da baki, tsofaffin takalman birki suna da asbestos mai lahani ga huhu, a jiƙa ta a goge. Tayoyi ma sun tashi aiki ko da zanensu bai cinye ba. In za ka sayi na hannu, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida ka wuce ta.

Sai walda, inda mafi yawan kuɗinka zai tafi, kuma inda ya kamata ka tsaya a kai da kanka. Ƙa'idar ita ce a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga farin ƙarfe, a yanko faci daidai ramin, mai kauri irin na wanda aka cire, a haɗa baki da baki. Abin da masu gaggawa ke yi shi ne su ɗora faranti a kan tsatsar su ɗiɗɗiga walda su shafe da fila. Tsakanin faranti biyun nan ruwa zai zauna, damina biyu ta isa fentin ya kumbura. Kada ka yarda da kwanon rufi ko gwangwani. Don faranti mai arha kuma mai kyau, sayi murfin inji ko ƙofar wata matacciyar mota a wurin 'yan gwangwan a yanka. Waldar gas ta kabaid tana lanƙwasa siririn faranti in an daɗe a wuri guda, sai a riƙa yi kaɗan-kaɗan ana barin ya huce. Dogayen ƙarafan ƙasa kuma waldar lantarki suke so, a hannun wanda ya saba da manyan motoci. Kafin a kunna wuta a cire batir, a sauke tanki a kai shi nesa, a fitar da kujera da shimfiɗar ƙasa. Tankin fetur ko babu komai a ciki yana fashewa, in ya huje ka nemi wani.

Sauran tsatsar da ba ta huda ba, aikinka ne na ranakun Asabar, ba sai ka biya kowa ba. Burushin waya, sanfefa, abin rufe hanci da tabarau. Ka kankare, ka shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, wanda ke mayar da jan zuwa baƙi, ka bi da jan fenti na ƙarfe. Ƙananan kaya irin su noti da maratayi ka jiƙa su a ruwan binega kwana ɗaya ko biyu, ka wanke, ka busar, ka shafa mai nan take. Duk abin da ka kwance ka sa a leda ka rubuta sunan wurinsa. Fila amfaninta gyara ɗan lotso, kaurinta kada ya wuce milimita uku, kuma ba a toshe rami da ita.

Wajen kuɗi, ka raba aikin wata-wata, kowane wata abu guda da za a fara a gama, motar kuma ta kasance kullum tana kan ƙafafunta ana iya tura ta. Ka biya kowane mai aiki bayan ka ga aikinsa, kayan kuma ka saya da kanka tare da bakaniken. Duk abin da ka ƙiyasta, ka ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku a gefe, don da zarar an ɗage bodi sai an ga abin da ba a zata ba. In ka ci karo da matacciyar 504 da ake sayarwa a kuɗin ƙarfe, ko ba akori-kura ba ce, ka duba ta da kyau: injinta da gilashin gaba da kayan gabanta da yawa za su shiga taka, kuma sau da yawa hakan ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Mai wayarin ma ya zagaya ta, ɓeraye ba sa barin motar da ta daɗe a ajiye.

Fenti zai iya jira har shekara, ba abin kunya ba ne ta yi yawo da dabbare-dabbare. Sai dai kada a bar ta da fentin share fage kaɗai ta shiga damina, yana tsotsar ruwa, a rufe shi ko da fenti mai arha ne. In lokacin feshi ya yi, ka kauce wa tsakiyar damina da ranakun ƙurar hunturu. Bayan an gama a buɗe ƙananan hujojin da ke gindin ƙofofi don ruwa ya riƙa fita, a fesa mai ko kakin hana tsatsa cikin ƙofofin da cikin dogayen ƙarafan.

Ranar fitarta ta farko ka zaɓi safiya da hanyar da ba cunkoso, ba kaya, ba fasinja sai bakanike. Ka gwada birki tun kana tafiya a hankali, ku yi 'yan kilomita idonka na kan allurar zafi, ku dawo ku leƙa ƙarƙashi ku ga abin da ke ɗiga. A sake ɗaure notin tayoyi da na sifirin, a sake duba su bayan mako guda, sannan ka fara ɗora mata rabin lodi.