Hifnosis da rage raɗaɗin ciwo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hifnosis tsafi ne, ko kuwa da gaske yana rage zafin ciwo. Babu tsafi a ciki, idonka biyu ma ake yi. Likita zai yi ta yi maka magana a natse har hankalinka ya tattaru, sannan ya ce ka ji kamar wurin ciwon ya yi sanyi.

A 2007 an wallafa wani gwaji da aka yi a asibitin Mount Sinai na Amurka, kan mata 200 masu jiran tiyatar nono. Waɗanda aka yi wa hifnosis na minti 15 kafin aiki sun fi samun sauƙin raɗaɗi da tashin zuciya. Amma fa ba kowa yake kamawa sosai ba, saboda haka kada ka ajiye maganinka.