Amsa kan gyaran layin shaguna: ku fara da kwata

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ku masu shaguna kuna son share layinku ku ƙawata shi, amma ba ku san ta inda za ku fara ba, kuma kuna gudun kada a yi sau ɗaya a watse. Ina da shagon kayan masarufi a wani layi a cikin Kano, kuma mun sha wannan fama.

Shawarata ita ce ku jingine maganar fenti da furanni tukuna, ku fara da kwata. A karonmu na farko mun fito gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, muka ɗauki shebur da manjagara da baro, muka yashe magudanar tun daga bakin masallaci har kwalbatin da ke kan kwana. Baƙin taɓo ne da ledar ruwa da robobin lemo, har da wata tsohuwar katifa da ta toshe bakin kwalbatin. Muka tara su tsibi-tsibi a gefen titi, kowa ya koma shagonsa yana murna, ba tare da mun yi tanadin motar da za ta kwashe ba. Bayan kwana 3 aka sheƙa ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya, ya mayar da komai inda muka ɗebo shi, sannan ya malala cikin shagon telan da ke gangare ya jiƙa masa ɗinkin mutane. Saboda haka, kafin ku sa rana ku ɗauki mai unguwa ku je hukumar kwashe shara, wato REMASAB idan a Kano kuke, ku tsayar da maganar mota. Idan ba ta samu ba, ku yi jinga da masu kura su kai bola mafi kusa da zarar taɓon ya tsane.

Game da ɗorewa kuwa, tun zamanin Buhari da Idiagbon, waɗanda suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ake tsaftar ƙarshen wata, amma awa 3 ba ta iya wa ledar kwana 30. Mu abin da ya fisshe mu shi ne karo-karon kullum kamar adashi, domin ɗan kasuwar da zai yi maka gardama a kan kuɗin wata guda ba ya jin ciwon ɗan canjin da zai miƙa da yamma. Ma'aji yana rubutawa a littafi, ana karantawa a gaban kowa duk Juma'a, kuma da kuɗin muke biyan matasa biyu da ke shara bayan sallar asuba. Kada ku ware mai shayi da mai tsire da masu tuyar awara don ba su da shago. Wasunmu sun so a kore su, ni kuwa na ga su ne ke kawo mana masu ciniki da dare, sai muka ajiye wa kowannensu rabin duro na zuba shara, muka sa su cikin karo-karon.

Sai da kwata ta zauna lafiya muka waiwayi ado. Mun dasa darbejiya 12 a farkon damina, 7 suka rayu, sauran awaki suka cinye saboda mun yi jinkirin kewaye su da bulo. Ku nisanta su daga wayar lantarki da kuma jikin magudana, domin saiwarsu tana fasa kankare. Kowace bishiya mun damƙa ta ga mai shagon da take gabansa, ruwan alwalarsa kaɗai ya ishe ta. Wanda kuma zai rufe kwatar ƙofar shagonsa, a sa shi ya yi murfin da mutum biyu za su iya ɗagawa, domin mu sai da muka fasa siminti a wuri 4 kafin shebur ya shiga.