Kada ka sayi itatuwan roba da hoton waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon labule da kafet a Kano, na tara naira miliyan 9, ina so in fara shigo da itatuwan roba na kwalliyar ɗaki, irin su dabino da kwakwa da zaitun. Ɗan baffana yana karatu a Guangzhou ta ƙasar Sin, ya turo min hotuna da farashi, ya ce in tura kuɗin gaba ɗaya ya loda min. A lissafina kowace bishiya za ta ninka kuɗinta sau uku. Wane iri ya kamata in zaɓa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Alhaji, maganar iri za ta jira tukuna. Abin da ya tsaya min a rai shi ne za ka zuba miliyan 9 a kan kayan da hannunka bai taɓa ba. Kai da kake sayar da labule! Da wani zai turo maka hoton yadi ya ce ka biya kuɗin bandir 200, ai ba za ka saurare shi ba. Sai ka murza shi tsakanin yatsu, ka ɗaga shi a hasken rana, ka ja bakinsa ka ga ko zai zare. Bishiyar roba ta fi yadi yaudarar ido a hoto, domin ana ɗaukar hoton ne a ɗakin nuni, da fitilu masu kyau, bayan an zauna an gyara kowane reshe da hannu.

Ban ce ɗan baffanka macuci ba ne. Ɗalibi ne, bai taɓa sayar da bishiya ko ɗaya ga mai otal ba, kuma duk wadda aka nuna masa zai ga ta yi kyau. Ranar da aka buɗe kwalaye kayan suka zo ba yadda ake so ba, wa za ka kama? Baffa zai kira ka ya ce a bar maganar saboda zumunci, kuma dole ka bari.

Na ga irin haka da idona. Wata mai sayar da kayan amare ta taɓa kirana rumbun ajiyarta in taya ta duba bishiyoyin da ƙaninta ya sayo mata. Muna yanka kwali na farko warin roba ya cika wurin. Ganyen kore ne shar, kala ɗaya tun daga tushe har baki, yana ƙyalli kamar sabon bokiti. Na juya bayan ganye na ga layin injin da ya buga shi, na ɗan ja reshe ya zare a hannuna. Tukwane da yawa sun tsage a hanya. A hoton da ta nuna min a waya, wallahi ko ni da na saya. Daga ƙarshe masu kwalliyar wurin biki ta sayar wa a ƙasa da kuɗin da ta kashe, domin su da dare suke aiki kuma daga nesa ake kallo.

Saboda haka ka fara da samfuri. Biyar ko shida sun isa, daga masana'antu daban-daban, ko da ta jirgin sama za su zo da tsada. In sun iso, fara da ganye. Wani na yadin foliyesta ne, shi ne wanda suke kira siliki ko da yake ba siliki ba ne. Yana da laushi amma yana riƙe ƙura kuma bakinsa na iya zarewa. Wani na roba ce da aka zuba a mazubi, ya fi kauri, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Mu da muke da hunturu da ƙurarsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ganye mai kyau ba ya zama kala ɗaya, za ka ga duhu a tsakiya da haske a sabon toho, kuma jijiyarsa tana fitowa ta baya. Duba inda reshe ya shiga jikin bishiya. Duba gangar jikin, ko itacen gaske ne ko roba ce da aka yi wa fenti. Tura ta da yatsa biyu: in ta yi tangal-tangal, simintin da ke cikin tukunyar bai kai ba, yaro ɗaya zai kayar da ita a falo. Sannan ka ajiye ɗaya a bakin taga inda rana take bugawa na wata guda. Wadda ba a sa wa maganin kare hasken rana ba za ta fara koɗewa, koren ya koma kamar shuɗi.

Wannan ninki uku da kake lissafi kuma, ka ajiye shi. A jirgin ruwa, kaya marasa nauyi irin waɗannan da girman wurin da suka ci ake cajinsu, abin da 'yan kasuwa ke kira sibiyem, wato wuri mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Bishiya mai tsawon mita 1.8 a kwali mai faɗin santimita 30 kowane gefe tana cin kusan kashi ɗaya cikin shida na sibiyem. Guda 100 sun haura sibiyem 16, alhali kwantena mai ƙafa 20 abin da take ɗauka a zahiri bai wuce 28 ba. Ɗora kuɗin kwastan da na fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa a Legas, da mota zuwa Kano, da waɗanda za su karye, da wurin ajiya, domin ba a jera bishiya kamar bandir. Shi ya sa wadda ake cire rassanta a harhaɗa daga baya ta fi wa ɗan kasuwa sauƙi.

In ka matsa sai na faɗi iri, ga ra'ayina. Masu tsawon mita 1.5 zuwa 1.8 sun fi tafiya, don rufin yawancin gidajenmu bai wuce mita 3 ba, kuma bishiya tana son sarari a samanta. Ƙaramin dabinon nan mai siraran rassa da ake kira areka, da zaitun, da fikus, ɗan'uwan cediya da durumi, su ne na falo da ofis. Dogayen kwakwa na mita 3 zuwa sama sai otal da zauren taro, kada ka sayo ko ɗaya sai an yi oda an biya kafin alƙalami.

Ka jera samfuran a shagonka kusa da labule, ka kira masu aikin kwalliyar gida da kake hulɗa da su, ka ji nawa za su biya da bakinsu. Wadda suka fi taɓawa ita za ka yi oda, da miliyan 3 kawai a karon farko. A rubuta tsawo da yawan rassa da irin ganye da girman kwali. Ka biya kashi 30 cikin 100, ragowar sai an duba kaya, haka aka saba yi da masana'antun can. A nan ɗan baffanka zai yi maka amfani: a ba shi kwafin samfurin da ka zaɓa, ya je ranar lodi ya buɗe kwali goma da kansa ya gwada, kana kallo ta bidiyo. Ka yanka masa ladan aikinsa tun yanzu, kuɗin kaya kuma su tafi asusun masana'anta kai tsaye.