Hukuncin cike fadamar bakin kogi don yin gini

Tambaya: Malam, an yi mini tayin fili a fadamar bakin kogi, wajen Saga a nan Yamai. Ruwa na kwanciya ciki duk damina. Ina so in cike shi da jar ƙasa in gina gidajen haya. An ce mini raya matacciyar ƙasa ne. Haka ne?

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Ɗan'uwa, hadisin ya inganta: wanda ya raya matacciyar ƙasa, tasa ce. Shaihu Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ma ya lissafa janye ruwa cikin hanyoyin rayawa. Amma matacciya ita ce wadda babu haƙƙin kowa a kanta. Fadamar da ake noman shinkafa, dabbobi na sha, kifi na hayayyafa, ba ta mutu ba, harimin kogi ce, wato yankin bakinsa da jama'a ke amfana da shi. Kuma a mazhabar Malikiyya, abin da ke kusa da gari ba a raya shi sai da izinin shugaba.

Duba lissafi. Fili mai mita 20 sau 20, in ka ɗaga shi mita ɗaya, ka kori ruwa lita 400,000, wato duro 2,000. Ruwan nan bai ɓace ba, gidan maƙwabcin da ya fi ka gangare zai nufa. Kowa ya ga abin da ya faru a unguwar Lamorde ta Yamai a Satumbar 2020 da madatsar bakin kogi ta ɓalle, ruwa ya shiga gidaje. A gaɓar teku ma haka ne: inda aka zuba yashi kan dausayi, kamar Legas, kifi na rasa wurin ƙyanƙyasa, ruwan sama na rasa makwanta. Annabi (SAW) ya ce: babu cuta, babu cutarwa.

Ginin kansa ba zai tsira ba. Laka na nitsewa ƙarƙashin nauyi, wani gefe ya fi wani, bango ya tsage, danshi ya hau siminti, masai ya cika da ruwa ya gurɓata rijiya.

Saboda haka, in wurin hanyar ruwa ne ko makwancinsa, cikewar haramun ce ko da takarda a hannunka, domin takarda ba ta halatta cutarwa. In masana sun auna sun ce ba hanyar ruwa ba ne, hukuma ta yarda, ya halatta, da sharaɗin ka fitar da magudana, ka zuba ƙasar santimita 20 zuwa 30 kana daɓewa kafin ƙari. Wanda ya riga ya cike kuma zai sayar ko ya ba da haya, wajibi ne ya faɗi aibin. In ya ɓoye, mai saye na da damar mayarwa. Wallahu a'alamu.